Malam Hamisu Ya Faɗa, Aka Ce Hassada Ce

Ranar Lahadi ce da hantsi. Ina cikin adaidaita sahu ina dawowa daga coci, mun kusa gadar Dangi, sai wayata ta yi ƙara. Rabi ce, babbar 'yar Malam Hamisu. Tun da aka kwantar da mahaifinta a asibiti ita ke kirana kowace safiya ta gaya mini yadda ya kwana, saboda haka ban kawo komai a raina ba. Na ce, "Rabi, yaya jikin Baban?" Sai ta ce, "Baba Bulus, Baba ya cika." Ina jin kukan mata a bayanta. Na taɓa kafaɗar mai adaidaita, na ce ya wuce da ni Darmanawa, unguwar su Malam Hamisu.

Abin da ya fara zo mini ba hawaye ba ne, fushi ne. Har yau da nake wannan rubutu bai sauka ba. Tun daga maƙabarta nake jin ana cewa wuta ce ta kama mota a gareji, tsautsayi ya faɗa wa bawan Allah. Ni ina wurin, kuma ina so 'ya'yansa da duk wanda ya san shi su ji yadda abin ya faru.

Sunana Bulus. Iyayena daga Filato suka zo Kano aiki, a nan na girma, a nan na koyi wayarin ɗin mota. Rumfata tana jikin ta Malam Hamisu a wani gareji a Gyaɗi-Gyaɗi tun Rabi tana goye, yau ga ta tana karatun ungozoma. Shi inji, ni waya. Motar da ya gama ni nake tayar da ita, wadda na gama shi ke saurarenta. In ya tafi masallacin Juma'a ni ke gadin kayan aikinsa. Ranar Lahadi kuwa, ko mai mota zai yi ta masifa, ba ya kiran wani mai waya. Sai ya ce, "Mai wayata ya tafi coci. Ka dawo gobe, ko ka ɗauki motarka."

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Yana da kaifin harshe, yana da nawa a aiki, kuma bai iya lallashin mai mota ba. Mutane da dama sun bar shi saboda haka. Daga wani ƙauye wajen Rano ya shigo birni a matsayin yaron mota, boko kaɗan ya yi, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Amma duk wanda zai sayi injin Beljiyam, wato tsofaffin injinan nan da ake shigowa da su daga waje, in yana da wayo sai ya zo ya roƙi Malam Hamisu ya raka shi Ƙofar Ruwa.

Na sha raka shi, na ga yadda yake yi. Mai shago zai nuna inji an wanke shi fes yana ƙyalli, yana ta rantsuwa jiya aka sauke shi daga kwantena. Malam Hamisu ba ya ko kallonsa. Sai ya tsuguna, ya jiƙa tsumma da fetur, ya goge gefen gangar injin inda kamfani ya buga lamba, ya shafa alli a kai har lambar ta fito fara. Daga nan sai ya bi wurin da babban yatsansa. In an kankare lambar asali an buga wata, yatsa zai ji wurin ya ɗan lotsa. Sai ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ya shinshina. Ya kwance fulogi ya duba kalarsu. Ya sa sifana ya juya injin da hannu, ya karkata kai yana sauraron numfashinsa. In mai shago ya dame shi da surutu sai ya ce, "Yi shiru mana. Ai ba kai na zo saya ba."

Akwai wani Sa'idu, magidanci, da ya bar tuƙin adaidaita ya samu tsohuwar tasi. Ya je shi kaɗai ya sayo inji, aka kawo gareji, Malam Hamisu ya shafa alli ya ce ba injin da aka ce masa ba ne, kuma an taɓa buɗe shi an liƙe da gam. Sa'idu ya zauna a ƙasa ya dafe kai, don mai shagon ya riga ya ce ba a dawo da kaya. Malam Hamisu ya rufe rumfarsa, ya sa aka ɗora injin a kura, muka koma kasuwar. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka ajiye injin a bakin ƙofar shagon, ya zauna a kansa, ya harɗe ƙafa. Duk wanda ya zo sayen inji sai ya ce masa, "Sannu da zuwa. Zo ka taɓa nan da yatsanka." Kafin azahar mai shagon ya fito da wani injin da hannunsa. Da Sa'idu ya yi ta godiya, abin da Malam Hamisu ya ce masa kawai shi ne, "Gobe kada ka je kai kaɗai."

Sunan da aka fi saninsa da shi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni shi ne Hamisu Injekta, kuma da ba'a aka sa masa shi. Akwai lokacin da duk motar da ta zo da injekta, da ta fara tari sai kanikawa su ce a cire a sa kabureta, don ita suka sani. Ana cirewa ana zubarwa a bayan gareji. Shi kuwa sai ya bi yana tsincewa yana tarawa a buhu, yana kwancewa yana wankewa, yana sa ni ina gwada masa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ana ta dariya, ana cewa ya zama ɗan gwangwan. A haka ya gane kan abin, har ya iya ɗaukar injin kabureta ya mayar da shi injekta. Da kuɗin mai ya tashi, sai ga masu dariyar nan suna layi a bakin rumfarsa, don mota mai injekta ba ta shan mai kamar mai kabureta.

Dole in yi ɗan bayani a nan, don wanda ba bakanike ba ya gane abin da ya kashe shi. Kabureta a hankali take karɓar mai, kamar ana tsiyaya ruwa daga buta. Injekta kuwa famfo ne ke turo man da ƙarfi daga tanki, ya bi tiyo, a fesa shi cikin inji. Don haka tsohon tiyon kabureta ba ya ɗaukar wannan ƙarfi. Sai an sa tiyo mai kauri mai zare a ciki, an ɗaure bakinsa da kilif na ƙarfe, kuma an haɗa wayar famfon ta yadda in inji ya mutu shi ma zai tsaya. In mai mota ya ce wa Malam Hamisu a lallaɓa da tsohon tiyo, ba shi da hali yanzu, amsarsa ɗaya ce: "Fetur bai san kai talaka ba ne." In kuwa ya ga mutumin da gaske ba shi da halin, sai ya yanko daga nasa ya sa masa, yana yi yana mita.

Da kasuwar wannan aiki ta buɗe, sai kowa ya zama gwani. A cikinsu har da Tanimu, wanda ya koyi aiki a hannun Malam Hamisu amma ya tafi kafin a yaye shi, ya kafa rumfarsa a ƙarƙashin darbejiya, a cikin garejin namu, muna kallon juna. Tanimu yana da hannu, ban hana masa ba. Yana da sauri, yana da daɗin baki. Abin da ba shi da shi shi ne tsoro.

Akwai wani Alhaji mai motocin haya, bas-bas guda uku irin waɗanda injinsu ke ƙarƙashin kujerar direba, suna ɗaukar 'yan kasuwa zuwa kasuwannin ƙauye. Ba zan ambaci sunansa ba, ba don shi ba, don iyalinsa. Ya sayo inji don ɗaya daga cikin motocin, aka ce masa na injekta ne, ya kawo wa Malam Hamisu. Malam ya goge, ya shafa alli, ya bi da yatsa, ya miƙe.

Ya ce, "Alhaji, an haɗa maka aure. Kan injin na injekta ne, gangar ta tsohon injin kabureta ce, an buga mata sabuwar lamba."

Alhaji ya ce, "To ba zai yi ba ke nan?"

"Zai yi. Gangar tana da rai. Amma sai an yi aikin gaba ɗaya, tun daga tanki. Famfo, tiyo, waya, duka. Kuma sauran motocin biyu da kake so a juya, su ma haka."

"Zuwa yaushe?"

"In na gama."

Alhaji ya ɓata rai ya ce shi mota ba ta kwana masa a gareji, kasuwa ba ta jiran kowa. Kafin ya isa bakin ƙofa Tanimu ya tare shi. Washegari motar tana ƙarƙashin darbejiya.

Tanimu ya zo wurina ya ce in yi masa wayarin. Na je na duba, na ga tsohon tiyon kabureta ne ya mayar, har ya fara tsattsagewa, kuma a maimakon kilif sai ya murɗa masa waya irin ta ɗaurin rodi. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce ba komai, waya ai ba sihiri ba ce. Ya ja ta da kansa daga batir kai tsaye zuwa famfo, da ɗan makunni a ƙarƙashin kujera, ba fiyus, ba abin da zai kashe famfon in inji ya mutu.

Malam Hamisu ya tsallaka ya same shi. Ina tsaye, na ji da kunnena. Bai ɗaga murya ba, abin da ba halinsa ba. Ya ce, "Tanimu, aikin naka ne, ba na so. Ga tiyo, ga kilif, na ba ka. Ka cire wancan."

Tanimu ya yi dariya ya ce, "Oga, zamani ya canza. Na yi wa motoci da yawa haka, suna kan hanya."

"Mutane za su zauna a kan wannan abin."

"Oga, ka bar ni in ci abincina."

Malam Hamisu ya ajiye tiyon a kan bencin Tanimu ya dawo. Da yamma muka ga an jefo shi bakin rumfarmu.

Bai haƙura ba. Ya kira Alhaji a waya, Alhaji ya ce ya ji, ya kashe. Malam ya je wurin shugaban garejinmu, dattijo, wanda muke tara masa kuɗin ƙungiya don irin wannan rana. Na raka shi. Shugaba ya saurare shi yana cin goro, sannan ya ce, "Haba Hamisu. Yaron nan kai ka koya masa. Ya samu ɗan aiki kuma sai ka bi ka kashe masa kasuwa? Mutane za su ce hassada ce." Kuma haka aka ce. Kafin kwana biyu maganar ta zaga garejin, tun daga masu walda har mai shayi: Hamisu Injekta yana baƙin ciki yaronsa ya ƙwace masa Alhaji. Mutanen da ya raka Ƙofar Ruwa, waɗanda ya yankar wa tiyo kyauta, da bakinsu suka faɗa. Na ga yadda abin ya ci shi. Ya daina zama a majalisar mai shayi. Wata rana yana wanke hannu ya ce mini, "Bulus, da a ce ƙarya nake, da na fi kowa murna." Tanimu ya gama motar farko, ya yi wa sauran biyun, duk suka hau hanya.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Direban motar farko, Ado, wani saurayi mutumin Gaya da bai daɗe da shigowa birni ba, ya sauke fasinja ya kawo motar, ya ce warin fetur ya dame shi. Ya tsaya a ƙarƙashin darbejiya, kusa da rumfar mai walda inda tukwanen gas suke jingine. Ni ina kwance a ƙarƙashin sitiyarin wata mota. Na ji Tanimu yana cewa, "Tayar mu ji." Na ji motar ta tashi. Sai na ji wani sauti kamar an kaɗa babban bargo, sai ihu.

Da na fito, gaban motar duk wuta ne. Tiyon ya fashe, man ya fesu a kan inji mai zafi. Injin ya mutu, amma famfon bai mutu ba, yana ta turo fetur cikin wutar. Ado yana ciki yana dukan ƙofa, don ƙofar direban ta daɗe ba ta buɗuwa ta ciki, kuma Alhaji ya sani. Tanimu na hango bayansa yana tsallake katanga. Wani ya ɗauko tukunyar kashe gobara da ke rataye a ofishin shugaba, ya matsa, ba ta fitar da komai ba. Mutane suka ja baya suka yi da'ira. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka.

Malam Hamisu ya ratsa su a guje, da rigar aikinsa da ta sha mai tun safe. Ya kama hannun ƙofar ya fizge, ya cafko Ado ta wuyan riga ya jefo shi waje. Da a nan ya tsaya, da yau yana raye, da ƙuna a hannu kawai. Na yi masa ihu, "Malam, fito! Ya fita! Fito!" Amma ya ga man yana malala ƙasa yana bin gangare zuwa tukwanen gas, kuma ya san ba abin da zai tsayar da famfon sai an cire kan batir. Batirin yana bayan kujerar direba. Ya koma ciki har kafaɗa. Ya cire shi. Ya fito rigarsa tana ci.

Ni da mai walda muka kayar da shi, muka lulluɓe shi da tabarmar sallarsa, muka zuba ƙasa. Ina ihu a kawo mota. A garejin da motoci suka fi mutane yawa, ba wanda ya ba da tasa. Mai adaidaita ne da ke wucewa ya tsaya. Wani kuma har muka ɗaga Malam bai sauke wayarsa ba. Wannan hoton ya zaga wayoyin mutane a ranar, har ya iso ga Rabi kafin ni in kai ga gaya mata. Duk wanda ya ɗauka, da duk wanda ya tura, ina so ya san a wayar wa ya ƙare.

Ya yi kwanaki a asibiti. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin faɗa a kansu sai godiya. Yawancin lokaci ba ya cikin hayyacinsa. Amma wata safiya na same shi idonsa biyu, an naɗe shi tun daga wuya har ƙugu. Na sunkuya kusa da bakinsa.

Ya ce, "Yaron ya tsira?"

Na ce, "Ado ya tsira. Hannuwansa ne kawai."

"Alhamdu lillahi." Ya huta, sannan ya ce, "Sauran biyun fa?"

Na gane motocin yake nufi. Na ce suna kan hanya. Ya rufe ido, na ga hawaye ya bi gefen fuskarsa. Duk azabar da ya sha ana wanke masa ciwo ban ga ya yi kuka ba sai a nan.

Na ce, "Malam, me ya mayar da kai? Ai ka fito da shi."

Ya ce, "Kai da ka fi ni sanin waya kake tambayata?"

Na ce masa in na kama Tanimu sai na ga bayansa, sai ya ƙare a gidan yari. Ya motsa kai da ƙyar. Ya ce, "In ya dawo kada ku kore shi. In kun kore shi wani garejin zai je ya yi irinta. Ka zaunar da shi, ka nuna masa." Na kau da kai. Ya ce, "Bulus, ka ji?" Na ce na ji. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Shi ya yafe. Ni ban kai nan ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan mamaci in ce na kai ba. Har shi kansa ina jin haushinsa wani lokaci, da ya koma cikin motar nan ya bar mu.

An yi masa sallah a ƙofar gidansa, ina tsaye daga gefe, na bi su har maƙabartar Tarauni. Jama'a ta taru sosai. Na ga fuskokin da suka ce hassada ce suna rige-rigen ɗaukar makara.

A zaman makoki Alhaji ya zo da babbar riga fara, yaransa suna sauke buhun shinkafa. Ya zauna kusa da shugaban gareji, aka yi addu'a, aka shafa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Hamisu. Bakanike ne na gaske, irinsa sun yi ƙaranci. Haka Allah ya ƙaddara, ba yadda muka iya." Shugaba ya ce, "Wallahi kuwa. Ba wanda ya san haka za ta faru." Na so in miƙe in mayar musu da magana. Na danne, don gidan mutuwa ne, kuma ni baƙo ne a kan tabarmar. Na yarda rai na Allah ne. Na yarda ranar Malam Hamisu ce ta zo, shi ma da haka ya yi imani har ya cika. Amma wayar rodin da aka murɗa a bakin tiyo, hannun mutum ne ya murɗa ta. Kuma ƙarya ce a ce ba wanda ya sani. An sani. An faɗa a rumfa, an faɗa a waya, an faɗa a ofis.

Wanda ya yi magana shi ne wanda ba a zata ba. Ado yana can ƙarshen tabarma, hannuwansa biyu a naɗe. Sai ya miƙe ya ce, "Alhaji, sau nawa na ce maka ina jin warin fetur? Sau nawa na ce a gyara ƙofar nan? Ka ce in ba zan iya ba in ajiye makulli, akwai masu jira." Dattawa suka yi ca, ana cewa yaro zauna, ba nan ne wurin ba. Ado ya ce, "To ina ne wurin? Ni ya kamata a binne jiya." Ya fashe da kuka. Alhaji ya tattara rigarsa ya ce yana da uzuri. Ba wanda ya raka shi mota.

Bayan an tashi daga makoki, na buɗe rumfa ina zaune, ban iya taɓa komai ba. Sai ga bas biyu sun shigo gareji a hankali, Ado yana gaba a ƙasa yana nuna musu hanya. Shi ya je tasha ya samu direbobin, ya kwance bandejin hannunsa ya nuna musu. Alhaji bai san sun zo ba. Na ɗaga kujerar ta farko. Tsohon tiyo, wayar rodi, kuma tiyon ya kumbura kamar hanji, gefensa a jiƙe. Ta biyu ma haka. Direban ya ce mini a ranar da safe mata ya ɗauko cike da mota daga kasuwar ƙauye, har da masu goyo a kujerar gaba.

Na cire kan batir. Na ɗauko almakashin ƙarfe na Malam Hamisu, na datse tiyon kowace mota gida biyu, na yanke wayar famfon. Na yi haka ne a gaban kowa, har da shugaba, wanda ya fito yana cewa, "Bulus, wannan fa dukiyar mutane ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda muka binne fa, dukiyar wa ne?" Ya juya ya koma ofis.

Alhaji ya zo yana huci, ya ce zai kawo mini 'yan sanda. Na ce ya kawo su, zan ɗaga musu kujera su gani da idonsu, Ado kuma zai ba su labari. Bai kawo ba. Motocin sun kwana a gareji, suka sake kwana, har aka kawo tiyo mai zare da kilif, wani tsohon abokin aikin Malam daga Daurawa ya ɗaura, ni kuma na yi wayarin yadda ya kamata. Aka gyara ƙofofin. Sannan na ba da makulli. Aikin bai kai wuni biyu ba. Abin da aka ƙi yi ke nan, har ya ci mutum.

Tanimu bai dawo ba. An ce yana ƙauyensu, an ce ba ya fita. Rumfarsa tana nan a rufe. Na yi wa mamaci alkawari, kuma in ya dawo zan zaunar da shi in nuna masa, ko da haƙorana a cije. Amma motocin da ya ce ya yi wa irin wannan aiki, da waɗanda irinsa suka yi a wasu garejin, ban san inda suke ba. Suna nan cikin gari suna ɗaukar mutane. Don haka duk wanda aka juya wa mota zuwa injekta, ina roƙonsa don Allah ya sa a ɗaga a duba masa tiyo. Wanda kuma ya shiga motar haya ya ji warin fetur, ya sauka, kada ya ji kunyar kowa.

Allah ya jiƙan Malam Hamisu, ya gafarta masa kurakuransa, ya yafe masa kaifin harshensa, ya sa azabar da ya sha ta zame masa kankarar zunubi. Allah ya sanyaya kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Ado lafiya, ya mayar masa da hannuwansa. Allah ya raya Rabi da ƙannenta, ya tsaya musu, ya sa su gama karatun da mahaifinsu ya ƙi yarda su bari. Ni kuma Allah ya sassauta mini abin da ke ƙirjina, don ya yi mini nauyi. Allah ya ba mahaifiyarsu haƙuri mai yawa, ita da ta zauna a gefen gadonsa tun ranar farko har ya cika, tana neman inda za ta riƙe a jikin mijinta, ba ta samu ba.

Amin.